Karsanar Manu da Talakawan Bayan Teku

Duk wanda ya yi zamani a ƙasar Kiyeshe lokacin Nasara ya san Manu, in bai san shi da ido ba ya san shi da labari. Bafillace ne na rugar da ke gabas da gari, dogo, siriri, mai riga ɗaya. Rigar nan ita ce ta kiwo, ita ce ta kasuwa, in an wanke ta kuma ita ce ta Idi. Yana da takalmi na fatar sa, amma a kafaɗa yake rataye shi don kada ƙaya ta lalata masa. Duk da haka, in ka kuskura ka kira Manu talaka a gabansa, to gaisuwa ta ƙare tsakaninku.

Abin yana da tushe. Yana saurayi annoba ta bi garken ubansa ta share shi tas. Wani abokin uban ne ya ɗaura masa habbanaye, wato ya ba shi aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Da karsanar nan Manu ya sake tsayawa da ƙafafunsa. Tun daga nan ya raba mutanen duniya gida biyu, masu bayarwa da masu miƙa hannu, ya kuma rantse cewa zaman da ya yi a gida na biyu ya ishe shi. Shanunsa ba su taɓa yin yawa ba, amma rabinsu kullum suna garken wasu. Kirki ne, ban musa ba. Sai dai kirkin Manu ya yi ƙiba har ya rufe masa ido, kuma matarsa Kubra ce ke dama fura da ruwa saboda shi.

Kubra mace ce mai ƙarancin magana, amma in ta yi ta tana shiga har ƙashi. Fuskarta duk zanzana ce, don agana ta kama ta tare da ɗansu na fari. Ita ta tashi, yaron bai tashi ba. Bayan shi sun daɗe ba haihuwa, sai ga Asiya. Ranar sunanta Manu ya ba jaririyar maraƙa ja mai farin goshi, aka sa mata suna Goshi, suka taso tare.

A shekarun nan, bayan yunwar fara, masu lamba kan fito daga Dogon Dutsi da rani su bi ƙauyuka suna tsaga wa mutane dantse, wai maganin agana. Ba su taɓa samun kowa a rugar su Manu ba, kuma Manu ne sarkin gudun. Da an ce an ga akwatinsu a kan jaki, sai ya kora mutane da dabbobi zuwa wani kwazazzabo da ya sani a gindin dutse, su lafe har baƙin su gaji su wuce. Hujjarsa biyu ce. Ta farko, Nasara ba ya taɓa jikinka don Allah, ƙirga kawuna yake yi saboda lanho, harajin da ke raba mutum da akuyarsa. Ta biyu kuwa ita ya fi ji da ita.

"Shanu aka yi ma lamba," in ji shi. "Ɗan halas ba ya yawo da shaidar wani bisa jiki nai."

Wata Juma'a ya je kasuwar Dogon Dutsi sayen kanwa, sai ya ji ana kaɗa gangar shela. Gardawa, wato 'yan sandan Kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, suka kora jama'a gaban bariki. Aka fito da kujeru, Kumandan ya zauna yana fifita da hularsa, matarsa Madam ta miƙe tsaye. Kusa da ita ga Garba tafinta, Ba'are, wato ɗan ƙabilar Arawa masu garin, mai jar dara da takalmin sau-ciki. Manu ya san shi, don Ba'are da Bafillace taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba.

Madam ta yi magana mai tsawo, har ta share ido da ƙyalle. Da ta tsaya, Garba ya dubi jama'a, ya dubi ƙasa, ya yi gyaran murya sau biyu. Manu ya lura gumi na keto masa, ya zaci nauyin jar darar ne.

"Madam ta ce a gaishe ku," in ji Garba. "Ta ce akwai wata ƙasa. Can nesa ta, bayan teku. Mutanenta matalauta na ƙwarai. Ba su cin abinci sai so guda a yini. Ruwan da dabbobinsu ka sha shi suka sha. Ɗiyansu tsirara suka yawo, manyansu ba takalmi. Agana tana kashe musu ɗiya kowace shekara."

"Allah sarki," in ji Manu, yana tsaye da ƙafa a cikin rairayi mai zafi, takalminsa na lilo a kafaɗa.

"Kuma in anka zo yi musu magani, sai su watse cikin daji awa zabi."

Nan kam Manu ya girgiza kai. Ya juya ga wanda ke kusa da shi ya ce jahilci ma ciwo ne. A ransa bai ga wata alaƙa tsakanin wannan da kwazazzabonsa ba. Shi ai gudunsa na hikima ne, don ya san abin da yake gudu.

Garba ya ci gaba da cewa matan Faransa sun tara gudummawa don a yi wa mutanen nan lamba, ana so mutanen nan ƙasar Arewa ma su sa hannu, kowa da abin da zuciyarsa ta ba shi. Gardawa suka shiga cikin taro suna taya zukata yanke shawara. Mai ƙwai ya ba da ƙwai, mai kaza ya ba da kaza yana binta da kallo. Sai Garba ya ƙara da cewa lokotoro, wato likitan Nasara, na neman karsana lafiyayya, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Masu shanu duk suka shiga duban sama kamar ana neman wata. Manu kaɗai ya ɗaga sandarsa.

Da ya isa gida ya kama kwance Goshi, Kubra ta ajiye ƙwaryar da take wankewa.

"Maigida, wagga ai ta Asiya ta."

"Ba kyauta za ni yi ba. Habbanaye na. Ta haihu can, su riƙe ɗiyan, su maido muna uwar."

"Su wa?"

"Talakawa."

Kubra ta dubi bukkarsu da rana ke leƙowa ta rufinta, ta dubi Asiya da ke wasa da ƙasa ba ko bante. Daga baya ta ce, "Allah shi ba su haƙuri," ta koma kan ƙwaryarta.

Ya kai Goshi bariki da sabuwar igiya da ya tufka da hannunsa. Ya zaunar da Garba ya karanta masa sharuɗɗa kamar mai aurar da 'ya. Ba a dukanta a fuska. Ba ta son a taɓa kunnenta. A gaya wa ardon ƙasar can cewa Manu na Kiyeshe na gaishe shi, kada ya ji kunyar karɓa, don shi ma an taɓa ɗaura masa. A kuma ja musu kunne su bar gudun magani. Garba ya ce duk ya ji, zai sa a buga a waya.

Wanda ya ɗaura habbanaye ba ya yar da dabbarsa, yakan leƙa ya ga yadda take. Tun da Manu ba shi da hanyar bayan teku, sai ya mai da ofishin Garba mashigarsa. Kowace Juma'a yana bakin ƙofa da ƙullin kanwa. Garba kuwa, da ya ga taubashi ya kawo kansa, sai ya saki baki. Wannan mako Goshi ta shiga jirgin ruwa, ta yi amai kaɗan amma ta warware. Mako na gaba ta sauka, an tarye ta da kalangu. Wani makon ya ce sanyi ya dame ta har sun ɗinka mata riga.

"Su da ba su da ta sawa?" in ji Manu.

"Ka ga irin karamcinsu ke nan, Baffa."

Kanwar kuwa matar Garba ta san inda ta shiga, don a shekarar nan ba a yi tuwon da ya kai nata laushi a unguwar bariki ba.

A ruga Manu ya zama malamin bayan teku. Da yamma, in an gama tatsa, sai a kewaye shi yana ba da labarin mutanensa. Haka yake kiransu, mutanena. Ya san ba su da wayo, amma zuciyarsu fari ce. In Asiya ta bar sauran fura a ludayi, sai ya ce ta shanye, akwai yara can da ko wannan ba su samu ba. Maƙwabcinsa Sama'ila, wanda ba ya ƙetare maganar Manu ko a kan ranar tashi ko a kan farashin ɗan maraƙi, yakan zauna da ɗansa Mani a cinya yana gyaɗa kai. Mani sa'an Asiya ne, ya fara bin 'yan maruƙa da tsinken kara yana kwaikwayon kiwo.

Da rani ya tsaya, aka ce an ga jakin masu lamba a Kiyeshe. An kuma ce agana ta ɓulla a wani ƙauye ta yamma. Sama'ila ya zo da murya ƙasa-ƙasa ya ce ko bana a tsaya. Manu ya dube shi kamar ya zagi uwarsa. Kafin rana ta take, ruga ta koma kwazazzabo, masu lamba suka tarar da toka da kashin shanu, suka wuce.

Ba a yi nisa da komowa ba zazzaɓi ya kama Mani. Ƙuraje suka feso masa har cikin baki. Aka keɓe masa bukka a bayan ruga, aka yi jiƙo, aka yi turare, aka karɓo rubutu. Ranar da aka rufe shi Manu ne ya haƙa ramin, ya yi wa Sama'ila ta'aziyya da cewa kwana ne ya ƙare. Sama'ila ya ce haka ne.

Washegari da safe Manu ya dawo daga rijiya ya tarar Kubra ta goya Asiya, ta ɗaura gyauto ta tsuke.

"Ina za ki?"

"Dogon Dutsi, gidan likita."

"Ban yarda ba. Mu da munka ba da karsana don a yi ma wasu, mu za mu tahi mu bi layi? Mi za a ce?"

"A ce abin da za a ce. Na ba agana guda, ba ni ba ta ta biyu." Ta nuna fuskarta da yatsa. "Kai ba ka son shaidar wani bisa jiki. To diba tawa. Wa yat tambaye ni kahin shi yi min ita?"

Ta kama hanya. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa juya masa baya yana magana ba. Ya tsaya yana jiran ta waiwayo, ba ta waiwayo ba. Sai ya ɗauki sanda ya bi ta, yana gaya wa kansa zai dawo da su kafin su kai gari. Tsoro kuwa na cin sa, don tun da aka rufe Mani yake satar taɓa goshin Asiya in uwarta ba ta kallo. Ya cim musu a hanya, ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi rantsuwa. Kubra ba ta rage sauri ba. Haka suka shiga Dogon Dutsi, ita gaba, shi a baya yana wa'azi.

Gidan likita cike yake da mata da yara, layi ya fita har gindin itacen bedi. Kubra ta bi layi. Manu ya koma gefe ya tsaya nesa, don kada wani ya ɗauka tare suke. Yana nan tsaye sai ya ji kukan saniya daga bayan katanga.

Makiyayi na iya mance sunan surukinsa, amma ba ya mance muryar dabbarsa. Ya zaga ta baya, ya tura ƙyauren kara. Ga Goshi kwance a kan wani katako, an ɗaure ƙafafunta. An aske cikinta ƙwal, an yi masa tsage-tsage a jere, kowace tsaga ta yi ƙurji. Wani mai farar riga, Inusa mai lamba, na durƙushe yana kankare ƙurajen da ɗan ƙarfe yana zubawa a kwalba. Goshi ta ɗago kai ta shaƙi iska, ta yi wa Manu wani kuka mai tsawo.

"Yaushe tad dawo?" ya tambaya.

"Daga ina?" in ji Inusa, bai ko ɗago ba.

"Bayan teku."

"Wagga ko bayan gari ba ta taɓa zuwa ba. Nan take tun da anka kawo ta. Daga cikinta muka samun ruwan lamba. Ba ta mutuwa, in ta warke sai a sallame ta."

"To su mutanen da anka tara ma gudummawa fa?"

Inusa ya nuna katanga da ɗan ƙarfensa, wajen da hayaniyar layi ke fitowa. "Ga su nan. Wanga na kwalba gobe za ya Dogon Kiriya. Na watan jiya mun kai Dumega da Kiyeshe. Akwai wata ruga gabas da Kiyeshe, mun kai musu har ƙohwa, munka iske sun gudu. Kullum haka suke, an ce wani dogo ne ka kora su."

Manu ya matsa kusa. Ya shafa goshin karsanar, ya fita, ya nufi bariki. Garba na ganin fuskarsa ya san jirgin ruwa ya nutse.

"Tahinta, ina sunan ƙasar nan?"

Garba ya cire jar dararsa ya riƙe. Ya ce Madam jawabin da take yi wa matan garinsu ne ta maimaita, Kumandan kuma na so Gwamna ya ji cewa har talakawa sun sa hannu. "Ni kuwa, Baffa, ina tsaye gaban Arawa, ga kawunnaina ga surukaina. In buɗe baki in ce musu ku ne tsirara, ku ne zabi? Da wane ido za ni koma gida? Sai na tura ƙasar bayan teku, inda ba ta da dangi."

"So guda a yini," in ji Manu a hankali.

Garba ya murza darar a hannunsa.

"Ruwa guda da dabbobi. Ba takalmi."

Manu ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa, sun yi fari da ƙura, duk faso. Ya daɗe yana dubansu kamar yau aka ba shi su. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko ranar da aka ɗaura masa habbanaye. Ya sauke takalmin daga kafaɗa, ya sa. Fatar ta bushe don rashin sawa, tana cizonsa, haka ya taka ya koma gidan likita yana ɗingishi.

Layi ya kusa kawowa kan Kubra. Ya kwance Asiya daga bayanta, ya riƙe ta a ƙirji, ya shiga tsakiyar mata ya tsaya, shi kaɗai namiji, ya fi kowa tsawo. Da aka zo kansu shi ya miƙa dantsen yarinyar. Aka tsaga, aka shafa ruwan cikin Goshi, Asiya ta tsala ihu. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa nasa.

Daidai nan Madam ta iso duba aikin gudummawarta, Garba na biye. Ta ga dogon mutum da riga mai faci da yarinya tsirara a hannu, abin ya taɓa zuciyarta. Ba ta gane shi ba, ina za ta gane shi. Ta ciro ƙwayar sukari ta miƙa masa, ta ce a tambaye shi ko ya san mutanen kirki ne suka ba da abin hannunsu don a ceci irinsa.

Garba ya fassara yana duban ƙasa. Manu ya karɓi sukarin ya sa wa Asiya a baki.

"Hwaɗa mata na sani," ya ce. "Na san guda daga cikinsu. Wawa na."

Garba ya gaya wa Madam cewa ya ce ya gode.

Da safe Manu ya koro rugar gaba ɗaya zuwa Dogon Dutsi, da sandar nan da ya saba kora su kwazazzabo. Ba wanda ya tambaye shi dalili, don sun saba bin sa. Agana ta ɗauki wata tsohuwa a shekarar, ta bar sauran. Asiya ta yi zazzaɓin lamba ta warke, ta rayu har ta ga jikoki, tana nuna musu tabon tana cewa na Goshi ne.

Da damina ta faɗi aka sallami karsanar, gashin cikinta ya fara tsirowa. Manu bai kai ta garkensa ba. Ya nemi izinin Kubra, abin da bai taɓa yi ba, ya tufka sabuwar igiya, ya ja ta zuwa ƙofar Sama'ila. Ya yi sallama, ya ce ya zo ɗaura masa habbanaye, ya riƙe ta har haihuwa uku in ya so.

Sama'ila ya fito. Ya dubi Goshi, ya shafa wuyanta, ya yaba kyanta kamar yadda ake yi. Ba fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi sauƙi.

"Na gode, Manu," ya ce. "Amma wa za ya kiwon ɗiyanta?"

Tsinken karan Mani na nan soke a jikin bukka inda yaron ya bar shi. Manu ya tsaya da igiya a hannu. Tun da yake ba a taɓa maido masa kyauta ba, bai kuma san abin da ake cewa in an maido ba. Ya juya ya ja karsanar zuwa gida.

Ya rayu shekaru da yawa bayan haka, da takalmi a ƙafa. Kowane rani masu lamba kan tarar da shi a gindin gawo ya tara yaran ruga yana jiransu. Samarin Arawa a kasuwa ba su bar shi ya huta ba, da sun hango shi sai su ce, "Baffa, ina labarin mutanenka na bayan teku?" Taubashi ba ya fushi, don haka yakan tsaya ya jingina da sandarsa ya amsa.

"Suna nan. Sun bar gudu," yakan ce. "Amma sai da sunka biya da ɗan wani."